Man da Ya Fi Haƙuri

Ni dai a rayuwata ba a taɓa goya ni a babur ba sai ranar nan. Ku tambayi duk wanda ya san ni. Ni nake goyo. Na goya mai naƙuda, na goya mai walda da tukunyar gas ɗinsa, na goya firji a tsaye daga kasuwa har gidan mai shi ko kwarzane bai yi ba. Babu Birki ake ce da ni, kuma ba ni na raɗa wa kaina ba. Tirela ta taɓa watsa ni cikin kwalbati, har yau akwai ƙarfe a cinyata ta hagu. Kunnena na dama tun ranar ya yi murabus, amma na hagun, ko sauro ya yi tari a ɗakin maƙwabci sai na ji. Waɗanda suka tsaya a kaina suna cewa ba zan tashi ba, yawancinsu da ƙafata na je gaisuwar rasuwarsu.

Da hantsi ina zaune a ƙofar ɗaki ina fama da rediyona, sai waya ta yi ƙara. 'Yar Hayaƙi ce. Hayaƙi abokina ne tun muna samari, muna aikin kai saƙo da babur a kamfani ɗaya, kullum muna tsere, kullum yana bayana, ko da yake in kun tambaye shi wani labarin zai ba ku. Salansar babur ɗinsa ce ta ja masa sunan, don in ya bi ta layi sai mata su fito kwashe shanya. Mu da yawa ne a wancan zamani. Yanzu daga ni sai shi.

"Baba," ta ce, "yau da yamma za a shiga da shi tiyata. Zuciyar ce. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce a shekarunsa abin yana iya zuwa ta kowace fuska. Tun da gari ya waye yake tambayar ka."

Na ce ta gaya masa ina tafe. Sai da na kashe wayar na tuna garinsu da nisa, ɗana ya yi tafiya da motar gidan, ga shi ana gyaran babbar gadar da ke hanya, motoci sai su wuni a layi. In na hau motar haya, kafin in isa an daɗe da rufe masa ƙofa.

Jikata ce ta fito daga ɗakin babanta da kofin shayi a hannu. 'Yar babban ɗana ce, kowa Injiniya yake ce mata, don aikinta ke nan, manyan injinan masana'anta take dubawa. Tana da wani baƙin babur a tsakar gida, ƙato, ya sunkuyar da kai kamar bijimi zai yi karo. Da hannunta ta kwance injinsa ta mayar, ta ce ta ƙara matse shi. Na sha zagaya shi in ba kowa. Ban taɓa gaya mata ya burge ni ba.

"Ango, lafiya ka yi tsuru haka? Ko rediyon ne ya sake ka?"

Na gaya mata. Ta ajiye kofin a kan taga, ta shiga ciki ta fito da hular kwano biyu.

"Ba ni makullin," na ce.

"Wannan ba irin jakin da kuka hau ba ne. Hau baya."

"Ni? Baya? Amarya, kin san da wa kike magana?"

"Na sani. Da mai ƙarfe a cinya. Ka sa riga mai kauri, akwai iska."

Na buɗe tsohon akwatina na zaro rigar fatata ta aiki. Ta yi shekaru a ninke, sai warin kafur take, har da ƙwayoyinsa a aljihu. Da muka fito titi ta ce mu biya gidan man da ta saba ta cika tanki, don bai kai rabi ba. Na hango layin motoci a can, na ce wallahi ba za mu tsaya ba, ai akwai babban gidan mai bayan gada. Ta dubi allurar mai, ta ce to.

Abin da yarinyar nan ta yi da babur daga nan zuwa gada, ni da na san tuƙi ni zan ba da labarinsa. Ba ta fizga, ba ta birkin tsoro. Kwana tana zuwa sai ka ji ta kwanta da kai a hankali kamar za ta shimfiɗe ka a gado, kafin ka ankara ta tashe ka. Injin kuwa muryarsa tas, babu kaki. A gada motoci sun yi layi iya ganinka, direbobi sun fito sun shimfiɗa kwali a inuwar tayoyi. Ta bi ta tsakaninsu tana gaida mutane da kai, ko madubin wani ba ta shafa ba. Na ce a raina jini ba ya ƙarya, wannan hannuna ne, kawai dai an ƙara masa karatu.

Muka iso babban gidan man rana ta take. Famfo biyu ne a gefen babura. Ni ban taɓa zama a aji ba, amma lamba ba ta ɓace mini, mutumin da ya yi rayuwarsa yana neman gidajen mutane. Ɗaya an rubuta casa'in da ɗaya. Ɗayan casa'in da biyar, an ɗaure bakinsa da leda.

"Anti, babban ya ƙare," in ji mai famfon, wani dogo da tawul a wuya. "Tankar da za ta kawo shi tana can a layin gada tun jiya. Sai ƙaramin."

"Gaba fa?"

"Babu wani gidan mai sai kun haye dutse kun gangara gari."

Injiniya ta cire hula ta tsaya tana kallon allurar mai. Na ce, "Me ake jira? Zuba mana, ɗana. Ƙaramin ba shi da ƙarfin babban, na sani, sai ta ƙara murɗa totur ya biya bashin."

"Kaka, ba ƙarfi lambar take nufi ba."

"To me take nufi? Tsada?"

"Haƙuri."

Mai famfo ya yi dariya, ni ma na yi. Ita ba ta yi ba. Ta dunƙule hannunta ta sa a tafin ɗayan. Ta ce fistin yana matse mai da iska a cikin inji, ya matse, ya matse, sai fulogi ya ba da wuta a daidai lokacin da ya dace. Man da lambarsa ta fi girma yana iya jure matsi da zafi ya ƙone a tsanake yadda aka tsara masa. Ƙaramin kuwa, in matsin ya yi masa yawa, sai ya fashe da kansa ba a ba shi izini ba, ya doki kan fistin kamar guduma. Ƙarfinsu kusan ɗaya ne. Ɗaya dai ya fi ɗaya iya jira.

"Babur ɗinku na da, matsinsa kaɗan ne, ko me kuka zuba sai ya sha. Wannan ni na matse shi da hannuna. Ƙasa da casa'in da biyar ba ya so."

Abin ya shige ni, amma ban nuna ba. Shekara da shekaru ina zuba babban mai ranar da aka biya mu albashi, don in wuce Hayaƙi, ashe haƙuri nake saye ban sani ba. Ni da haƙuri!

Sai na tuna abin da ke aljihuna. Na zaro ƙwayoyin kafur na baje mata a tafin hannu.

"Ga magani. A zamaninmu in mai ya yi sanyi, uku muke jefawa a tanki. Hayaƙi har biyar yake sawa."

"Shi ya sa ake ce masa Hayaƙi."

Mai famfo ya riƙe ciki. "Baba, da gaske? Na kayan sawa?"

"Kai, yaro, ana magana kana magana? Tun kafin a haifi babanka nake shan iskar hanyar nan."

"Mayar da su aljihu, Ango," ta ce. "In suka toshe mini hanyar mai, kyankyasai kaɗai za su gode maka."

Muna haka wani mutum ya zagayo daga bayan ginin da jarka a hannu. Ya rage murya ya ce yana da babban, na asali, jiya ya ajiye. Zuciyata ta yi fari. Na ce Allah ya kawo mu. Injiniya ta buɗe jarkar, ta leƙa, ta sunsuna, ta rufe ta miƙa masa.

"Mun gode, Malam."

"Ke, wai me ke damun ki?" na ce. "Ga abin da kike nema ya zo har gabanki."

"Wa ya ce shi ne? Mai ba ya zuwa da lamba a goshi. Wancan na famfo na san ƙarami ne, na san yadda zan bi da shi. Wannan ban san me aka gauraya a ciki ba."

Wayata ta sake ƙara. 'Yar Hayaƙi ta ce an canja masa kaya, an sa masa ruwa a hannu, wanda ke gabansa kawai ake jira ya fito. Ta ce ya hana a cire masa tabarau, wai kada in shigo bai gane ni ba.

Na kashe wayar na juya kan jikata. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Na ce ta zuba ko me ne, ta murɗa totur har ƙarshe, in injin zai fashe ya fashe, ni zan sayar da ɗakina in biya.

Ta bari na gama tas. Ko da wasa ba ta ce ai kai ka hana mu cikawa a gari ba, alhali tana da bakin faɗa.

"In ya huda fistin a tsakiyar dutse, wa zai kai ka? Ba babur nake ji ba, Kaka. Shi kaɗai ne abin da zai kai ka wurin abokinka." Ta juya wurin mai famfo ta ce ya zuba kaɗan, iya abin da zai gangara da mu gari. Ta ce ragowar mai kyau da ke tanki zai ɗan ɗaga shi, in aka cika kuwa ƙaramin zai rinjaye. Sannan ta dafa kafaɗata. "Wannan kunnen da ka ishe mu da labarinsa, da gaske yana ji?"

"Kina tambaya?"

"Ni da hula da iska ba lallai in ji da wuri ba. In man ya fara fashewa da kansa, za ka ji kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa. Ƙasa-ƙasa yake farawa. Kana ji, ka daki kafaɗata."

"Na san ƙarar. Mu ƙwanƙwasa muke ce mata. Ca muke yi injin ne ke jin daɗi."

"Kuka yake yi."

Na sassauta igiyar hular ta wajen hagu, na manna cinyar nan mai ƙarfe a jikin babur, muka hau hanya.

Hawan dutsen nan dogo ne, ga rana, kwalta har wani rawa take a ido. Tun farkon hawan na ji ta, siririya, can ƙarƙashin rurin injin. Kar-kar-kar. Na daki kafaɗarta. Na ɗauka za ta ƙara giya ta lallaɓa shi, yadda ni zan yi. Sai ta rage giya, ta sassauta hannu, injin ya ɗaga murya amma nauyi ya sauka daga kansa, ƙarar ta ɓace kamar an yi ruwa an ɗauke. Sai daga baya na gane, jan nauyi da babbar giya shi ne yake matse man har ya rasa haƙuri. Na yi tuƙi tun ba a haifi uwarta ba, ban taɓa lura ba.

Haka muka riƙa hawa. In na ji, in daka, ta sassauta. Har muka zama kamar mutum ɗaya, ni kunne, ita hannu. Wata motar kaji ta wuce mu, gashi yana tashi a fuskata. Wani saurayi a kan ƙaramin babur mai kukan keken ɗinki ya jero da mu, ya dube mu sama da ƙasa.

"Anti, aro kika yi ne? Ko tsohon ne ya yi nauyi?"

Na buɗe gilashin hula na ce masa abin da ba zan maimaita a nan ba. Injiniya ko kallonsa ba ta yi ba. Babur ɗin da ke ƙarƙashinta zai iya shanye wancan yaro kafin ya gama dariya, murɗa ɗaya ta isa, ta sani, ni ma na sani. Hannunta bai motsa ba. Ni a shekarunta da na bi shi ko da injin zai zube a titi. Nan na fara tunanin wataƙila ba hannuna ba ne gaba ɗaya, ta samo wani abu a wani wurin.

Waya ta riƙa ɓari a aljihuna, ta tsaya, ta sake. Ban iya ɗauka ba. Na dai san ba gaisuwa ake kira a yi mini ba.

Kusa da ƙarshen hawan hanya ta miƙe, babu mota ko ɗaya. Ta ɗan ƙara wuta don ta gwada. Babur ya miƙa wuya, iska ta cika mini riga, na ji daɗin da na manta da shi. Na ce yauwa, haka nake so. Muna cikin haka sai ga ta. Ƙasa-ƙasa, ba ta kai ta ɗazu ba, ta cinyata ma na fara jin ta kafin kunne. Ita ba ta ji ba, don hannunta ƙara murɗawa yake.

Ba wanda zai san na ji. Na ce a raina, ɗan wannan ai ba komai, in na yi shiru za mu cinye sauran hawan yanzu-yanzu. Hannuna yana kan gwiwata, na bar shi a nan. Wayar ta sake ɓari. Ina kallon bayan hularta, ko waiwaye ba ta yi, ta bar mini wannan aikin gaba ɗaya kamar yadda na bar mata nata. Yarinyar da ta ƙi man jarka don ba ta san abin da ke cikinsa ba, ita ce ta yarda da kunnen tsohon da ya kawo mata kafur.

Na daki kafaɗarta.

Ta sassauta nan take. Muka koma tafiyar masu kai amarya. Na rufe ido na yi ta addu'a, ina zagin dutsen a tsakani.

Da muka haye, sauran duk gangara ce, injin ba ya jan komai. Nan fa ta nuna mini ashe tana da hannu biyu. Ta saki babur ya bi gangara yana shan kwana ɗaya bayan ɗaya, ba ta nemi wuta ba, nauyinmu kawai ta yi aiki da shi. Motar kajin nan muka wuce ta. Saurayin nan muka same shi a gefen hanya ya tsuguna yana yi wa injinsa fifita da kwali. Na so in yi masa magana, amma mun riga mun yi nisa.

A ƙofar asibiti ban jira ta gama tsayawa ba. Ƙafata ta yi sanyi, na shiga ina jan ta, hula a kaina, mutane suna matsawa. Na hau bene ina kiran sunansa, wata nas tana bina tana cewa Baba a rage murya. A ƙarshen wata baranda na hango ana tura gado, 'yarsa tana biye da takalmansa a hannu.

"Hayaƙi!"

Masu turawa suka tsaya. Ya rame, ya yi fari, an ɗaura masa wata hula kamar ta masu tuya. Tabarau yana hancinsa. Ya juyo da kai a hankali ya ƙare mini kallo.

"Cire kwanon mana in ga ko kai ne."

Na cire. Ya miƙo hannun da babu allura, na riƙe. Sanyi ƙalau.

"Ka makara, Babu Birki. Nan ma na riga ka zuwa."

"Kai da aka kawo a mota kwance? Wannan ba tsere ba ne."

"Da me ka zo?"

Injiniya ta ƙaraso tana haki, ta durƙusa ta gaishe shi. Na nuna ta. Na ce ga wadda ta kawo ni, a bayanta na zauna, kuma ban ji kunya ba, don a cikinmu duka, da ni da shi da waɗanda suka riga mu, babu wanda ya kama ƙafarta.

Ya dube ta, ya dube ni. "'Yata, me kika ba shi ya sha? Tun da nake ban taɓa jin ya ce wani ya fi shi ba."

"Ban ce ta fi ni ba. Na ce ta fi ka."

Ya yi dariya har na'urar da ke gefensa ta yi ƙara, nas ta harare ni. Ta ce lokaci ya yi. Ya cire tabarau da kansa ya miƙa wa 'yarsa, amma bai saki hannuna ba sai da gadon ya fara tafiya.

"Kada ka tafi," ya ce. "Ka jira ni."

"Ni ban taɓa jiran ka ba a hanya."

"Yau ka fara."

Ƙofar ta rufe. Akwai benci a jikin bango, na zauna a tsakiyarsa, daidai inda duk wanda ya fito zai fara gani na. Injiniya ta ce za ta je ta nemo gidan mai, ta tambaye ni ko in zo in miƙe ƙafa. Na ce ta tafi abinta, ina nan.